ILMIN ƊAN TALAKA BASHI NE A WUYAN HUKUMA



Akwai wata al'ada da ta kafu a garin nan, har ta fara zama kamar ibada, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau. Da zarar an ce hutu ya kusa ƙarewa, yara za su koma makaranta, sai ka ga katin gayyata yana yawo rumfa rumfa. Wata gidauniya za ta ƙaddamar da asusun taimakon yaran ƙauye. Wata ƙungiya za ta raba jaka da littafi ga 'ya'yan marasa galihu. Ana roƙon Alhaji ya halarta, ya kuma zo da abin da ya sawwaƙa. To, ina za a yi taron? A Sumaila ne, ko Ajingi, ko Doguwa, inda yaran suke? A'a. A Nasarawa za a yi shi, unguwar Turawa ta dā, cikin ɗakin taro na otal mai sanyi, inda itatuwa suka yi wa titi rumfa, inda ɗan ƙauye ba ya shiga sai in gadi ya zo nema ko wankin mota.

Wanda ya taɓa zuwa ya san yadda ake yi. A ɗebo yara kamar goma a mota, a sa musu sabon yunifom, a jera su gaban manya. Mai sanarwa ya kama lasifika yana kirari kamar maroƙi a gidan biki: Alhaji wane ya yi alkawarin miliyan kaza, Hajiya wance ta yi alkawarin kaza. A tafa. Kwamishina ko wakilinsa ya miƙe ya ce gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba, sai masu hannu da shuni sun taimaka. A sake tafawa. A miƙa wa yaro jaka, babban mutum ya riƙe hannun jakar gam, ba zai saki ba sai mai hoto ya ce ya ɗauka. A ci shinkafa da kaza, a watse. Da yamma a mai da yaran ƙauyensu. Kashegari su zauna a ƙasa inda suka saba zama, ƙarƙashin kwanon da iska ta yaye tun daminar bara, suna jiran malamin da babu shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alkawarin nan da aka yi da lasifika, nawa ne ya shiga asusu? Wanda ya shiga, nawa ne ya tafi hayar ɗaki da abinci da buga kyalle da alawus ɗin 'yan kwamiti? Nawa ne ya isa ƙauye? Ku 'yan kasuwa da ake kai wa kati, ku gaya mini, sau nawa aka sake kawo muku kati na biyu, na zuwa jin lissafi?

Kada wani ya tashi gobe ya ce jaridar nan ta hana sadaka. Allah Ya kiyaye. Ni mai rubutun nan da sadakar wasu na yi karatu, a makarantar mishan, da kuɗin da waɗansu mutane da ba su san ko sunana ba suka riƙa tarawa, kuma ba zan zama butulu ba. Amma abin da na gani a can shi ne sun zo sun zauna, sun kawo malami, suna biyansa wata wata, shekara da shekaru, kowane kwabo kuwa yana rubuce cikin littafi. Haka kuma cikin masu gidauniyoyin garin nan akwai mutanen kirki, masu tsoron Allah, waɗanda suka gina aji suka haƙa rijiya ba su kira mai hoto ba. Waɗannan Allah Ya saka musu da alheri. Rigimarmu da magana guda ce, wadda ake maimaitawa a kowane taro har kunnen talaka ya fara sabawa da ita, watau wai gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba. Wannan magana ita ce dafin. Da ita ake so a mai da haƙƙin ɗanka ya koma bara, a mai da kai mai bin bashi ka koma mai godiya.

TUN DAGA GIDAN ƊAN HAUSA

Ba yau aka fara zama a Nasarawa ana yanke wa ɗan ƙauye rabonsa na ilmi ba. A 1909, shekara 6 bayan Turawa sun ci Kano, wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa, a nan Nasarawa. Gidansa yana nan har yau, ana zuwa kallo. Su wa aka fara ɗiba? Malaman da za a koya wa boko don su yi wa Turawa da En'e aikin rubutu, da 'ya'yan sarakuna da za su gaji iyayensu. Kuɗin tafiyar da ita kuwa, baitulmalin En'e ya zuba nasa a ciki, baitulmali kuwa kowa ya san da abin da ake cika shi. Manomi ya biya haraji, Bafillatani ya biya jangali, aka ilmantar da ɗan hakimi don ya dawo ya zama mai rubuta harajin. Da aka buɗe Kwalejin Katsina, hanyar da aka bi ke nan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, aka tara dala a garin nan har ana buga hotonta ana kai wa ƙasashen duniya. Wanda ya noma gyaɗar fa? Ɗansa yana gona. A 1955 Awolowo ya buɗe karatun firamare kyauta a Jihar Yamma, ga ɗan kowa. Mu a nan manyanmu suka ce a bi a hankali. Aka bi a hankali, har ranar da aka sami mulkin kai a 1960, Arewa da ta fi rabin mutanen ƙasar nan ba ta da fiye da kimanin ɗaya cikin goma na 'yan firamaren Nijeriya.

Saboda irin wannan zalunci ne aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, ya koyar a Bauci, ya koyar a Maru, ya san abin da jahilci yake yi wa mutum. Shi da mutanensa suka buɗe makarantun Islamiyya na zamani, da kuɗin teloli da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa, suka sha tsangwama a kansu daga masu mulkin lokacin. Ku lura da kyau, ba su tsaya nan suka ce shi ke nan an huta ba. Da hannu ɗaya suna gina tasu, da ɗaya hannun suna nuna hukuma da yatsa, suna cewa ta biya abin da ke wuyanta.

Na san abin da wani mai wayo zai ce. Zai ce ai Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali tun 1979, yanzu me talaka yake biya? Kai, wannan tambaya! Ɗan kasuwa yana biyan kuɗin rumfa, yana biyan tikiti, mai kura da mai baro ma ba su tsira ba. Tun 2020 aka ɗaga harajin da ake ɗorawa kan kayan saye daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100, matar ƙauye kuwa duk ran da ta sa kati a waya ta biya shi, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga ƙauye zuwa birni ya ninka, buhun taki ya gagari manomi, kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi a Abuja kowane wata kuma ya hau sama. Daga aljihun wa wannan ƙari ya fito? Mun biya, jama'a. Mun biya tun kafin a tambaye mu. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

ABIN DA DOKA TA CE

Da yawa cikinmu ba a taɓa karanta mana dokar nan ba, kuma ba mamaki, don ba a so mu sani. A 1976 gwamnatin soja ta fara shirin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka sake ƙaddamar da shi a Sakkwato da sabon suna. A 2004 Majalisar Tarayya ta mai da shi doka. Dokar ta ce tilas kowace gwamnati a ƙasar nan ta ba kowane yaro ilmi na shekara 9 kyauta, shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta lissafa abin da ake nufi da kyauta: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru, har da abincin rana. Ku sake karantawa. Littafin nan da ake miƙa wa yaro a otal ana tafi, da bencin nan da ake rubuta sunan Alhaji a jiki da fenti, tun 2004 doka ta riga ta ce nasa ne.

Dokar ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, a hannun hukumar UBEC. Sharaɗin kawai shi ne jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta, sa'an nan ta ɗauka. Shekara da shekaru hukumar tana kuka cewa biliyoyin naira suna kwance a asusunta, jihohi da yawa sun ƙi kawo nasu rabin balle su ɗauka. Mai kuɗi a ajiye a banki, ya zo yana yawo da ƙoƙon bara a Kantin Kwari!

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Dokar ta tanadi hukunci. Uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karo na farko a tsawata masa, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, in ya sake tarar naira 5,000 ko wata 2. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun yara, tarar da ta kai naira 10,000 ko wata 3. Watau akwai bulalar uba, akwai ta hedimasta. To, gwamnan da ya bar makaranta ba malami fa? Ciyaman ɗin da ya bar aji ba rufi fa? Ku duba dokar daga farko har ƙarshe, ba za ku ga tasu bulalar ba. Tsarin mulkin 1999 ma da ya yi maganar ilmi kyauta, sai ya maƙala cewa sai lokacin da hali ya yi, ya kuma ajiye maganar a babin da aka ce kotu ba ta da ikon tilastawa. Duk da haka a 2010 kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke cewa ilmi haƙƙi ne na kowane yaron Nijeriya. An yanke, an rufe fayil, yaran suna nan a ƙasa.

A nan Kano, gwamnatin Ganduje ta yi shelar ilmi kyauta kuma tilas a 2019, aka yi gagarumin taro. Shekara 5 bayan haka, ran 8 ga Yuni 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilmi, ya faɗa da bakinsa cewa yara fiye da miliyan 4.7 a jihar nan a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma makarantu fiye da 400 malami ɗaya tak ke gare su. Ba mu 'yan hamayya muka ƙirƙiro wannan ba, daga Gidan Gwamnati ya fito. Asusun UNICEF kuma ya ƙiyasta yaran Kano da ba su zuwa makaranta sam sun kusa miliyan 1.

To, ku kawo alƙalami mu yi lissafi irin na kasuwa. Benci ɗaya yara 3. Yara miliyan 4.7 suna bukatar benci fiye da miliyan 1 da rabi. A ce kowane taro na Nasarawa ya haifar da benci 1,000 cif, ba a ci ko ƙusa ɗaya ba, abin da ni ban taɓa ji ba. Sai an yi taro fiye da 1,500. In ana yin ɗaya kowane mako, ba hutun azumi ba na salla, shekara 30 ke nan. Yaron da ke aji ɗaya yau zai aurar da 'yarsa kafin bencinsa ya iso, na farkon da aka raba kuwa gara ta daɗe da cinye su. Wannan benci ne kawai, ba a zo maganar malami ba. Ramin da ya kai wannan zurfi, baitulmali ne kaɗai ke iya cike shi, kuma masu cewa a kawo sadaka sun fi mu sanin haka.

Gaskiya ɗaya ce, a kasafin 2024 da na 2025 gwamnatin jiha ta rubuta wa ilmi kimanin kashi 30 cikin 100, an kuma ga ana gyaran waɗansu makarantu. Madalla. Amma kasafi alkawari ne a takarda, ɗan'uwan alkawarin lasifika. Abin da muke so a buga mana shi ne nawa aka saki, wace makaranta, wane ɗan kwangila, aji nawa, a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44. In an yi aikin, me ake tsoro?

ZANEN ARO

Sai kuma masu taimako na ƙasashen waje, waɗanda manyan motocinsu farare kuke gani suna fita daga Nasarawa da safe. Ba mu raina ba. Ingila ta kashe kuɗi mai yawa kan makarantun Kano ta hanyar shirin ESSPIN daga 2008 zuwa 2017, aka horar da malamai, aka kafa kwamitocin kula da makarantu a ƙauyuka, kuma wani abin ya yi amfani. Amma shirin baƙo yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, yaro kuwa kullum ana haihuwarsa. A 2021 Ingila ta rage kuɗin taimakon da take bayarwa, a 2025 ta ce za ta sake ragewa don ta sayi makamai. A Janairun 2025 Shugaba Trump na Amurka ya dakatar da taimakon ƙasashen waje da sa hannu guda, kafin shekara ta raba aka rushe hukumar USAID ɗungurungum. An tambayi dagacin wani ƙauye a Takai kafin a yi haka? An tambayi gwamnan Kano ma? Zanen aro ba ya rufe katara, ran da mai shi ya ce a ba shi abinsa sai a tsaya tsirara a kasuwa.

Akwai kuma wanda ake kira taimako alhali rance ne. Kuɗin Bankin Duniya na shirin BESDA, dala miliyan 611 da aka amince da su a 2017 don mai da yara makaranta, da na shirin AGILE na karatun 'yan mata da aka fara a 2020, waɗanda Kano tana ciki, bashi ne mai sauƙin ruwa, amma bashi ne. Yaran nan da ke zaune a ƙasa su ne za su biya shi in sun girma. Saboda haka duk wanda ya ci kwabo a ciki, ya ci na maraya sau biyu.

Kyautar manya ta cikin gida ma mun ga ƙarshenta. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan, da biki da kaɗe-kaɗe. Ba a yi tanadin wanda zai riƙe su ba. Da yawa suka koma kangaye, awaki na kwana a ciki. Gini ba ya koyar da yaro.

Nan ne fa zancen yake. Abin da makarantar ƙauye ta fi bukata shi ne malami, wanda ya iya, wanda ake biyansa kan lokaci, wanda zai kwana a garin ko kusa da shi, ba wanda zai zo daga birni ran Talata ya gudu ran Laraba ba. Malami kuwa ba ya shiga hoto da kyau. Ba a rubuta sunan Alhaji a goshinsa. Ba a yanka kyalle a buɗe shi. Albashinsa kowane wata ne, shekara da shekaru, shi ya sa masu neman suna ba su son wannan sadaka, sun fi son jaka. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta hannun hukumar SUBEB, kason kuwa shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ku tambayi ciyamanku, kuɗin yana zuwa hannunsa ko ba ya zuwa? In yana zuwa, ina malamai? In ba ya zuwa, wa ya riƙe? Dole ɗaya daga cikin biyun ya amsa. Kada ku yarda a yi ta jefa ku tsakanin sakatariya da Gidan Gwamnati kamar ƙwallo.

Wani abin haushi kuma, a wajen tarukan nan har da zagin iyayen yara. Wai mutanen ƙauye ba su san darajar ilmi ba, wai sai an wayar musu da kai. Mai faɗin haka 'ya'yansa suna makarantar kuɗi a nan Nasarawa, direba ke kai su. Manomi ba wawa ba ne. Ya tura ɗansa shekara 6, ya rasa mai taya shi noma da kiwo, yaron ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, bai iya lissafin buhu goma ba. Ya tura 'yarsa, makarantar ba masai, ba ruwa, ba malama mace ko ɗaya, ga tafiya mai nisa cikin daji, ga kuɗin tallan da uwar ta rasa. Sa'an nan a ce kawo kuɗin alli, kawo kuɗin jarrabawa, kawo na tsintsiya, a makarantar da aka ce kyauta ce. In ya cire ɗa na biyu, lissafi ya yi, irin wanda kowane ɗan kasuwa zai yi in ya zuba jari shekara 6 bai ga riba ba. A kai malami nagari ƙauye a ga ko aji ba zai cika ba.

GARE KU 'YAN KASUWA

Ku ne ake nema, don ku ne masu bayarwa. Yawancinku daga ƙauyukan nan kuka fito, can iyayenku suke, can ake kai ku in rai ya yi halinsa. Ba mu ce ku rufe hannu ba, yaro ba zai jira sai ran da hukuma ta ji kunya ba, shekarunsa tafiya suke yi. Amma ku bayar kamar 'yan kasuwa. Ba wanda zai ba dillali kaya bai rubuta ba, don me za ku ba mai gidauniya miliyan ba rasit?

In an kawo muku kati, ku ce a nuna muku lissafin bara tukuna: abin da aka tara, abin da aka kashe a taro, sunan makarantun da aka kai wa. Mai gaskiya zai yi murna da tambayar, ya ɗauko littafi. Wanda ya ɓata rai, kun san irinsa. Ku tambaye shi kuma kuɗin hayar ɗakin taron da na abincin. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano da aka tsayar a 2024 naira 71,000 ne, watau naira 852,000 a shekara. Ku kwatanta da kuɗin shinkafa da kazar yini ɗaya, ku ga watanni nawa na malami aka cinye da cokali.

Wanda ya fi ma, ku tsallake Nasarawa gaba ɗaya. Kowane layi a kasuwa yana da ƙungiya, kuna adashi, kuna haɗa kuɗi in gobara ta taɓa ɗan'uwa. 'Yan gari ɗaya su haɗu su ɗauki makarantar garinsu. Ku je da ƙafarku ranar da ba a san za ku zo ba, ku ƙirga yara, ku ƙirga malaman da ke cikin rajista da waɗanda kuka tarar a aji. Ku zauna da kwamitin makarantar da iyaye, har da mata, su za su gaya muku abin da ke hana yara zuwa, wata ƙila masai ne na 'yan mata, wata ƙila rijiya ce, wata ƙila ɗan abin karyawa ne da safe. Abin da kuka bayar a rubuta shi a bangon makaranta, kowa ya gani, a karanta shi a masallaci ran Juma'a. Masu son abin da zai daɗe bayan ransu, ga hanyar wakafi da iyayenmu suka sani: rumfa guda a kasuwa, ko gona, a tsayar da kuɗin hayarta ga makarantar har abada, da shaidu da takarda.

Amma ga sharaɗin da ba mu yarda a bari ba. Duk naira ɗaya da kuka kashe kan abin da dokar 2004 ta ɗora wa hukuma, ku rubuta ta a matsayin bashi. In kun ɗauki malamin sa-kai kuna biyansa, a ranar ku rubuta wa ciyaman da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma takarda, ku ce mun riƙe muku wannan na zango kaza, ku kawo naku. Ku ajiye kwafi. Zango ya ƙare ba su kawo ba, ku sake rubutawa, ku je ofis ku da yawa, ku kai gidan rediyo. In kuwa kuka yi shiru kuka ci gaba da biya, to kun ɗauke wa ɓarawo kaya ne, kuɗin malamin nan yana nan yana fita a takarda, wani yana sayen fili da shi.

Mu ma a jam'iyya akwai namu aikin. Muna roƙon kowane sakataren reshe a ƙauyuka da unguwanni, kafin zangon nan ya ƙare, ya je makarantar firamaren da ta fi kusa da shi da takarda da alƙalami. Ya rubuto sunan makarantar da mazaɓarta, yawan yara maza da mata, yawan malaman da ya gani da idonsa, aji nawa ke da rufi, benci nawa, akwai ruwa da masai ko babu, da kuma ko ana karɓar wani kuɗi a hannun yara. Kada ya ƙara, kada ya rage, kada kuma ya ci mutuncin malamin da ya tarar, don shi ma abin tausayi ne. Ya sa hannu, mutum biyu na garin su sa nasu, a aiko ofishin jam'iyya. Za mu riƙa buga su a wannan shafi mako mako, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tare da sunan mazaɓar kowane kansila da ɗan majalisar da abin ya shafa, mu kuma aika wa Kwamishinan Ilmi kwafinsa, don kada ya ce bai ji ba.